Yadda Ake Saita Kulocin Babur Ɗin Dusar Ƙanƙara Mai Turbo Don Hawan Tsauni

Daga Nuwamba zuwa Afrilu, ƙorafin da ya fi shigo mana gareji a nan yammacin Kanada guda ne: mutum ya sauko da babur ɗinsa daga tirela ya ce inji ba ya ja. Mafi yawan lokuta kuwa injin lafiyarsa ƙalau, kuloci ne ya ƙi ba shi haɗin kai. Kai da ka fara koyon wannan aiki, ka riƙe abu ɗaya tun yanzu. Injin babur ɗin ƙanƙara yana da wani ɗan ƙaramin zango na juyi inda ƙarfinsa yake cika. Aikin kuloci shi ne ya tsayar da shi a wannan zango, tun daga gindin tsauni har ƙololuwa, komai zurfin ƙanƙarar da yake haƙa. Duk saitin da za mu yi, wannan muke nema.

Kayan aiki

- Littafin gyara na ainihin samfurin babur ɗin da shekararsa. Ƙarfin ɗaurin kowane noti da adadin juyin da kamfani ya tsara duk suna ciki.
- Abin zare kuloci na wannan samfurin. Na baburan kamfanin Polaris ba ya shiga na kamfanin Ski-Doo, kada ka tilasta.
- Abin riƙe kuloci don kada ya juya lokacin kwance noti.
- Abin danne sifirin. In babu, dogon ƙarfe mai zare da manyan washa biyu da noti biyu suna yin aikin, in ka kafa shi a bayis.
- Sifana mai auna ƙarfin ɗauri.
- Ƙaramin sikeli mai auna giram har kashi ɗaya cikin goma, irin na masu awon gwal.
- Ma'aunin zafi mai haske ja, wanda ake nunawa daga nesa. In babu, tafin hannunka.
- Soson goge ƙarfe irin Scotch-Brite, ruwan zafi da sabulu, asitan, tsumma mai tsabta, iskar kwamfuresa.
- Maka baƙa, ɗan littafi da fensir. Biro daskarewa yake yi a can sama.
- Sabon bel guda biyu, sifirin iri biyu ko uku, da yatsun nauyi masu karɓar ƙari da ragi.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka ɗauki sifana

Babur ɗin ba shi da giyar da ake sauyawa da ƙafa. Kuloci biyu ne da bel a tsakani, kamar na sukuta mai otomatik, sai dai wannan yana ɗaukar ƙarfin doki fiye da 160. Na gaba yana kan bakin inji. A cikinsa akwai yatsu uku na ƙarfe masu lanƙwasa. Idan inji ya juya sai su buɗe, su tura faranti ya matse bel ya hau da shi sama. Sifirin ɗin ciki kuma yana ture su baya. Na baya yana da nasa sifirin da wani kofi mai gangara da ake kira heliks, wanda shi ke jin nauyin da ƙanƙara ta ɗora wa babur, ya mayar da bel ƙaramar giya idan abu ya yi tsanani. Na gaba ke yanke adadin juyi, na baya ke yanke saurin amsawa.

Ina turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ya shigo? Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau saboda ƙarancin iska a sama, shi ya sa masu irinsa suke rage nauyin yatsu idan za su tsauni. Mai turbo ba haka yake ba. Ski-Doo Summit 850 mai turbo da ya fito a farkon 2020 yana riƙe doki 165 har zuwa ƙafa 8,000, wato kusan mita 2,400, kuma Polaris ta biyo da Patriot Boost a samfurin 2022. Don haka wanda ya saba da tsohuwar al'ada ya zo ya rage nauyi, sai inji ya yi ta kururuwa babu ja. Turbo yana son kaya. Sai an ɗora masa nauyi yake cika iska. Amma a ƙaramin juyi, kafin iskar ta taru, injin ya fi marar turbo kasala, saboda haka nauyin da kake so ba a gindin yatsa yake ba, a ƙarshensa yake. Gindi sakayau don inji ya zabura, baki da nauyi don ya kama shi idan turbo ya buɗe wuta.

1. Duba lafiya kafin saiti

Wannan mataki shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin aikin. Cire makulli da igiyar kashe inji, buɗe murfi, cire bel. Kama kowane yatsa ka girgiza shi gefe da gefe. In yana lilo, bushin ɗinsa ya tafi. Juya kowace rola, wato ɗan ƙarfen nan mai mirginawa da yatsan kuloci ke turawa, da yatsanka. Wadda ta yi shafaffen gefe ko ta ƙi juyawa, sauya ta take buƙata. Shafa fuskar yatsun, in ka ji wani ɗan rami inda rola take zama, wannan yatsa ya gama aiki. Leƙa sifirin ko ya karye, don yakan karye ya zauna a wurinsa kamar lafiyayye. Dubi farantai kusa da tsakiya da tocila ko akwai tsaga. Farantin da ya tsage ba a walda shi, ba a lallaɓa shi, jefarwa ake yi, domin abu ne da ke juyi sau 8,000 a minti kusa da ƙafarka ta hagu.

Sai ka sa ƙarfe ka ɗan banƙara inji ka ga robobin da yake zaune a kai. Ƙarfin turbo yana murɗa inji, kuma roba ɗaya in ta yage, layin kulocin biyu ya karkace, bel kuwa zai ta tsinkewa ko da saitinka ya fi na kowa. In kana da ƙarfen awon layi, auna. In babu, ara. Wannan ba abin yi da ido ba ne.

Kada ka manta da inji shi kansa: fulogi, bawul ɗin salansa, da bututun iskar turbo ko akwai inda yake yoyo. Fetur ya zama mai lamba 91, sabo. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi a kan yatsu da sifirin alhali wani kilif ne ya saki a bututun iska.

2. Wanki

Goge fuskar farantai huɗun da soso, daga tsakiya zuwa baki, har baƙin robar da ya manne ya fita kuma ƙyallin ya dushe. Faranti mai sheƙi kamar madubi santsi yake yi wa bel. Wanke da ruwan zafi da sabulu, ko ka share da asitan har tsumma ya daina baƙi, sannan ka hure ƙurar da ke ciki da iska. Kada ka kusanto da giris ko man feshi. Kuloci a bushe yake aiki. Mai yana tara ƙura ya zama taɓo.

Idan sai ka zare kulocin gaba: shafa ɗan giris a kan tsinin abin zarewa kawai, ɗaura a hankali har ka ji ya yi ƙara ya saki. Ban da guduma. In ya kafe, kwantar da babur a gefe, cika ramin da ruwa, naɗe zaren abin zarewar da farin tef ɗin masu famfo, ka ɗaura. Ruwan ne zai turo shi waje. Kafin ka warware komai, yi alama da maka a murfin kuloci da faranti don su koma yadda suke, saboda a haɗe aka daidaita nauyinsu. Wajen mayarwa, bakin inji da ramin kuloci su kasance a bushe tas, ka ɗaure da adadin da littafi ya faɗa, ka sake dubawa bayan fitar farko.

3. Bel

Ba a saiti da tsohon bel. Wanda ya ci ya rage faɗi yana sauya komai, sai ka yi ta bin inuwa. Wanke sabo da ruwan ɗumi da sabulu, bar shi ya bushe, sa shi kibiyarsa na kallon inda yake juyawa. Kilomita 50 na farko ka bi shi a hankali, kana sauya gudu, ban da cika totur. Yi wa na ajiya haka shi ma, don ranar da za ka buƙace shi ba ranar lallaɓawa ba ce.

Daga nan sai tsaurinsa. A tsofaffin kulocin Polaris, ana ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan bel, a danna tsakiya da nauyin kusan kilo 4 da rabi, ya sauka milimita 32. A Ski-Doo ana duba yadda bel ya zauna a bakin kulocin baya ne, a gyara da zoben saiti. Sabon kulocin P22 na Polaris yana da boris a tsakiya wanda bel ke kwanciya a kai, don haka ba shi da wannan saiti. In bel ya yi sako-sako, babur zai tashi kamar motar da aka tayar a giya biyu. In ya yi tsauri, zai riƙa ƙugi yana jan jiki alhali ba ka taɓa totur ba.

4. Gwajin farko, ba tare da ka sauya komai ba

Nemi gangare ɗaya mai tsawo, wanda za ka cika totur na daƙiƙa 10 zuwa 15 a cikin sabuwar ƙanƙara, a tsayin da kake yawan hawa. Titin da aka daddale ba ya nuna gaskiya, domin babu kaya a kansa. Garin Revelstoke da ke nan yammacin Kanada tsayinsa bai kai mita 500 ba, amma inda ake wasa a Boulder Mountain da Frisby Ridge ya doshi mita 2,000. Gwajin da ka yi a wurin ajiye motoci ba shi da amfani a can. Wanda kuma yake hawa a Togwotee Pass ta jihar Wayomin a Amurka, wajen mita 2,900, ya wuce inda turbo na kamfanin Ski-Doo yake iya cike gurbin iska gaba ɗaya, saitinsa zai ɗan bambanta.

A nan zan tsaya in yi maka magana ta tsakani da Allah. Gangaren da ya dace da gwaji shi ne kuma irin wanda ƙanƙara take zaftarewa. Duba hasashen ranar na Avalanche Canada, ƙungiyar da ke gargaɗi kan zaftarewar ƙanƙara, kafin ka fita. Na'urar neman wanda ya binne, sandar bincike da shebur su kasance a jikinka, ba a kan babur ba. Mutum ɗaya ke hawa, ɗayan yana kallo daga wuri mai aminci. Kuloci bai kai ranka ba.

Zana layi da maka a fuskar farantin gaba daga tsakiya zuwa baki. Ɗumama inji sosai, don injin da salansarsa ba ta yi zafi ba ƙarya yake faɗa. Hau sau uku. In agogonka yana ajiye juyi mafi girma, yi amfani da shi. In ba haka ba, ɗaura waya ta ɗauki bidiyon agogon, domin ba za ka iya tuƙi kana karatu ba. Rubuta abu biyar: juyin da babur ya fara motsi, juyin da ya kai da ka cika totur, inda ya zauna a tsakiyar hawa, inda yake a ƙarshe, da gudun tirak, wato ƙatuwar robar nan mai haƙora da ke tura babur a kan ƙanƙara. Da ka tsaya, kashe inji, buɗe murfi, auna zafin kulocin biyu da bel nan take.

Abin da kake nema yana cikin littafi. Injin 850 na Ski-Doo wajen juyi 7,900 zuwa 8,000 yake so, na Polaris ya ɗan fi, wajen 8,250. In an sauya wa kwamfutar injin manhaja ko an ɗora turbo na kasuwa, bi adadin wanda ya yi manhajar.

5. Daidaita juyin sama

Ka'idar gajeriya ce: ƙarin nauyi yana sauke juyi, ragi yana ɗaga shi. A ƙiyasin gareji, giram ɗaya a kowane yatsa yana motsa juyi kusan 100, amma in a baki ka sa shi ya fi tasiri a kan in a gindi ne.

Mai Ski-Doo da kulocin pDrive ya huta, don yana da maɓallin saiti mai lamba 1 zuwa 5 a kowane yatsa. Lamba ta sama tana ƙara juyi, ta ƙasa tana ragewa, kowane mataki kusan 200. Sassauta notin, kada ka cire shi gaba ɗaya, juya zuwa lambar, ka ɗaure. Ukun duka su zama lamba ɗaya. Wata rana a sama, yatsuna sun ƙage da sanyi, na juya biyu, abokin tafiyata ya yi mini magana, na rufe murfi na manta na ukun. Kafin mu sauko ina jin kakkarwa a tafin ƙafata, washegari na tarar bushin ya ci gefe guda. Tun daga ranar nake ƙirgawa da baki: ɗaya, biyu, uku. Sannan ka sani maɓallin na gyaran rana ne. In kullum sai ka kai shi 1 ko 5 kafin juyi ya daidaita, nauyin ne ba daidai ba.

Ga masu yatsun da ake cusa wa ƙananan noti ko maganaɗisu, auna kowane yatsa a sikeli bayan ka gama. Bambanci tsakaninsu kada ya wuce ɗan kaso na giram.

Yanzu karanta abin da ka rubuta. Juyi ya wuce ƙa'ida daga farko har ƙarshe: ƙara nauyi. Ya fara daidai sannan ya yi ta haurawa yayin da gudu ke ƙaruwa: baki ya yi sakayau, ƙara a baki, kuma wannan shi ne ciwon da na fi gani a masu turbo. Ya yi nauyi a farko, yana gurnani kafin ya farfaɗo: gindi ko tsakiya sun yi nauyi, rage can. Ya kai daidai sannan ya riƙa zamewa ƙasa a ƙarshen hawa: ko baki ya yi yawa, ko kuma zafi ne ya kama bel. Taɓa ka ji kafin ka yanke hukunci.

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a koma gangaren nan dai, a sake hawa uku. In ka sauya nauyi da sifirin tare, babur ya gyaru ko ya lalace, ba ka san wanne ya yi ba.

6. Tashi daga tsaye

Sifirin ɗin gaba yana da lamba biyu, misali 150/350. Ta farko ke yanke juyin da kuloci zai kama bel, ta biyu tana taɓa juyin sama. Yawancin na tsauni suna kamawa tsakanin 3,500 da 4,200. Jarabar masu turbo ita ce su ɗaga wannan lamba don su ɓoye kasalar ƙasa. Abin da ke biyo baya shi ne babur ya fizga, tirak ya tona rami, ka nutse har wuya tun ba ka je ko'ina ba. A cikin bishiyoyi, inda kake tafiya a hankali a gefen gangare, kamu mai laushi ya fi maka. In za ka sauya sifirin, riƙe lamba ta biyu yadda take don kada ka rushe aikin mataki na 5.

7. Kulocin baya

Gwajinsa daban ne. Kana cikin hawa da cikakken totur, saki na daƙiƙa ɗaya, ka sake dannawa. Inji ya kamata ya koma juyinsa nan take. In ya tsaya yana tunani, bel bai dawo ƙaramar giya da wuri ba, kuma a mai turbo wannan ninki biyu ne, don juyi ya faɗi iska ma ta zube.

Magani biyu ne. Sifirin mai ƙarfi yana dawo da bel da sauri kuma yana matse shi. Heliks mai ƙaramin kusurwa shi ma haka yake yi, yana kuma ɗan ɗaga juyi. Mai babban kusurwa yana saurin haura giya, yana sauke juyi, amma riƙonsa ga bel ya fi rauni. Akwai masu kusurwa biyu, babba a farko ƙarama a ƙarshe. Ni dai nakan fara da sifirin, don ya fi araha kuma ya fi saurin komawa in bai yi ba. Sai dai kada garin gyaran gira a rasa ido: sifirin da ya yi ƙarfi da yawa yana hana bel haurawa, gudun tirak ya ragu, zafi ya ƙaru. Kuma kada ka yi amfani da kulocin baya don gyara juyin sama. In ka taɓa shi juyi ya motsa, koma gaba ka daidaita da nauyi.

Wajen kwance shi, sifirin ɗin a danne yake da ƙarfin da zai iya fasa maka haƙora. Danne shi tukuna, sannan ka kwance notin heliks, kuma kada fuskarka ta kasance a saitinsa. Notin nan galibi da gam aka ɗaure su. Ɗan zafi kaɗan yana sakin su, kuma da gam za ka mayar.

8. Zafi da layin maka

Bayan hawa uku, in za ka iya ɗora tafin hannu a faranti ka ƙirga biyar, kana kan hanya. In ko taɓawa ba ka iya yi, ko ma'auni ya nuna bel ya doshi digiri 95, akwai zamewa a wani wuri. Wanda ya fi zafi a cikin biyun shi ne mai laifi. Na gaba ya fi zafi, da baƙin zane a farantinsa: ba ya matsa bel sosai, yana son nauyi. Na baya ya fi: ƙara masa riƙo. Duba kuma ramukan shan iska na murfi, don ƙanƙara takan toshe su a rana mai zurfi.

Sai ka dubi layin da ka zana. Inda bel ya goge shi, nan ya kai. In a hawanka mafi tsanani ko rabin faranti bai kai ba, giyar ƙarshe ta yi wa babur ɗin tsawo, musamman in tirak ɗin inci 165 ne ko 175 mai dogayen haƙora. Rage haƙori ɗaya ko biyu a siroket ɗin sama na sarƙar da ke kai ƙarfi zuwa tirak yana sa bel ya yi aiki a tsakiyar faranti, inda ya fi samun wurin kamawa, zafi ya sauka. In ka yi haka, sai ka sake mataki na 4 da na 5.

Tsakanin saiti biyu da suka ba ka juyi iri ɗaya, ɗauki wanda ya ba da gudun tirak mafi yawa da faranti mafi sanyi. Rubuta shi a littafinka tare da tsayin wurin, sanyin ranar da irin ƙanƙarar. Ƙanƙarar Janairu busasshiya ce kamar gari, ta Afrilu jiƙaƙƙiya ce mai nauyi kamar kwaɓin siminti, kuma takan ja juyi ƙasa har ka buƙaci ɗaga maɓalli mataki ɗaya ko cire giram guda. Shi ya sa sifanar saiti da ƙananan notin nauyi suke zama a jakar babur, cikin ɗan gwangwani mai murfi, domin notin da ya faɗa cikin ƙanƙara sai dai a neme shi a watan Yuni.